Daren da Zango Ke Dariya da Baki Ɗaya

Mu da muka tashi a tsohon Zangon Wagadugu, wanda maƙwabtanmu Mosawa suka lanƙwasa sunansa ya koma Zangouettin, idan hira ta kai mu ga shekarun baya, da wuya mu rabu ba mu ambaci wasannin ban dariya na dare ba. Wani ya kwaikwayi tafiyar Samanja, wani ya maƙale murya irin ta Ibro, sai ka ga dattawa masu furfura suna share hawaye da bakin rawani. Abin tambaya shi ne, mene ne ainihin abin da muke kewa, alhali yawancin wasannin nan suna cikin wayoyin da ke aljihunmu?

Talabijin ta daɗe a ƙasar nan, domin tun 1963 aka buɗe tashar Volta Vision, sai dai ta ɗauki shekaru kafin ta shigo gidan talaka. A shekarun 1980 da 1990, idan mutum ya sayi tele a layinmu, to ya saya wa layin ne baki ɗaya. Da an sallame isha'i za a fito da ita tsakar gida, a ɗora bisa tebur, a baza tabarmi. Kowa ya san mazauninsa ba tare da an nuna masa ba: yara a gaba a ƙasa, dattawa a kujerun kwana, mata daga ƙofar ɗakuna, samari can baya kusa da butar shayi. In wuta ta ɗauke a jawo batirin mota. A nan ne kaɗai za ka ga suruki da surukarsa, waɗanda ba sa haɗa ido da rana, dariya ɗaya ta kama su, kowa yana rufe baki don kunyar ɗan'uwansa.

Rafi biyu ne ke shayar da wannan taro. Na farko shi ne tashar ƙasa, musamman daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wasannin gida suka bunƙasa. Marigayi Idrissa Ouédraogo ya kawo Kadi Jolie, inda Aminata Diallo Glez ta fito a matsayin budurwar birni mai juya masu nemanta yadda ta ga dama. Daga Bobo kuma, a shekarar 2000, aka samu Les Bobodiouf, da Souké da Siriki, abokai biyu da kullum dabararsu ta neman na abinci ke komawa kansu. Da Faransancin titi ake waɗannan wasanni, wanda iyayenmu mata da yawa ba sa ji. Saboda haka 'yan lakwal ne tafintoci. Sai dariyar ta kasu kashi uku: masu jin Faransanci su fara, tsofaffi su biyo baya idan an fassara musu, sannan kowa ya haɗu a kan tafintan da ya ƙara gishiri fiye da kima.

Rafi na biyu ya fi nisan tafiya. Kaset ne na bidiyo da 'yan kasuwa ke sako wa cikin kayansu daga Kano da Kaduna, su biyo ta Yamai da Kantchari da Fada N'Gourma, wato daga gabas, inda kakanninmu fatake suka fito a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, har wasunsu suka yada zango a nan suka zauna. Ranar da sabon kaset ya sauka, labari kan riga shi zagaya unguwa. Da haka muka san Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya zama Samanja Mazan Fama a talabijin ta Kaduna, da Ƙasimu Yero na Karambana, daga baya kuma Rabilu Musa Ibro, wanda ya ɗauki rawar Awilo da muka saba ji a bukukuwan Waga ya mayar da ita abin dariya da Hausa.

A irin wannan dare aikin tafinta kan juya. Kaka ce ke bayyana wa ɗan lakwal abin da ya sa dattawa suka kece. Ita za ta ce masa wannan habaici ne, wancan gatse ne, wannan kuwa karin magana ce aka yanke rabi aka bar wa mai hankali ya ƙarasa. Ingilishin bariki da Samanja ke cakuɗawa da Hausa ba mu jinsa, amma mun gane mutumin sarai, domin mu ma haka muke a kasuwa, jimla ɗaya ta fara da Hausa, ta ratsa ta harshen Mosawa, ta ƙare da Faransanci. Har wasan barkwanci a nan muka fahimci tushensa, cewa yadda Bamoshe ke tsokanar Basamo cikin abin da suke kira rakiire, haka Bakano ke yi da Bazazzagi, haka Bafulatani ke yi da Babarbare.

Babu wanda ya kira wannan zama makaranta, amma aikin da ya yi ke nan. Mutum na iya gaisuwa, ya yi ciniki, har ya nemi aure da harshen da ya sani rabi da rabi. Abin da ba zai iya ba shi ne ya yi dariya a kan kari. Dariya ba ta jiran tunani. Duk yaron da ya fashe da ita tare da manya, a daidai gaɓar da maganar ta faɗo, to Hausa ta zauna a cikinsa. Ga mu 'yan tsiraru, da babu Hausa a allon lakwal ko a takardun ofis, wannan ita ce jarrabawar da muke ci ba mu san muna rubuta ta ba.

A 2003 aikin sabunta tsakiyar birni ya tashi Zangouettin tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Wasunmu suka koma filayen da aka ware a Waga 2000, wasu Nioko, wasu suka bazu inda ƙarfinsu ya kai su. Gaskiya ce tsohuwar unguwar tana da nata wahalhalu, ga cunkoso, ga lungunan da ke cika da ruwa da damina, kuma da yawa a cikinmu sun sami gidajen da suka fi na da fili. Sai dai sabon gida ya zo da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Kowa ya sayi telensa, daga baya aka ɗora faranti a rufin ɗaki, daga ƙarshe kowane hannu ya sami wayarsa. Maƙwabcin da ke shigowa ba sallama da tabarmarsa a hammata, yanzu sai an sha man babur kafin a gan shi.

Masu ba mu dariyar ma sun bi juna. Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Idrissa Ouédraogo a 2018, Samanja a watan Nuwamba na 2023. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ayyukansu da dama suna YouTube, kuma mukan buɗe su. Amma sau nawa muka kunna wa 'ya'yanmu, muna dariya su suna kallon fuskarmu, har ɗaya ya tambaya da Faransanci me aka ce? Mukan fassara, ya yi murmushin ladabi. Wasan da sai an fassara shi tamkar shayin da ya huce ne, launin na nan, daɗin ya tafi. Laifin kuwa ba na yaron ba ne. Abin da bai zauna a cikinsa ba, ina zai same shi?

Zangouettin ba za ta dawo ba, amma tabarma ba ta yi tsada ba. Dare ɗaya a mako ya isa, ko na Alhamis ko na Asabar: a haɗa waya da tele, a fito da ita tsakar gida, a kira gidaje biyu ko uku na kusa. A sa tsohon wasa, a sa sabo ma, domin a cikin samarin da ke barkwanci da Hausa a TikTok akwai masu basira. Idan yaro ya tambaya, kada mu yi gaggawar juya masa da Faransanci, mu bar kakarsa ta warware masa da Hausa, ko da zai rasa dariyar farko. Ta goma ba za ta wuce shi ba. Kowane gida da ke da tsohuwa mai baki a raye yana da malamar da ba a biyan ta, kuma ba kullum za ta kasance tare da mu ba.

Ku da kuka zauna a waɗancan tabarmi, wane wasa ne har yau ke sa ku dariya ku kaɗai? Ku faɗa mana a ƙasa, da Hausa. Allah Ya bar zumunci.