Yaron da Ya Goyi Bayan Magneto

Ni malamin Turanci ne a wata ƙaramar sakandare a Wudil, kuma cikin kayan koyarwata akwai wasu tsofaffin mujallun zane na X-Men da na saya a hannun masu baza littattafan gwanjo a Kano. Yaron da ke gudun littafin karatu ba ya gudun hoto. Yawancinsu ma sun riga sun san jaruman daga gidan kallo ko daga shagon masu tura fim a waya, don haka da sun ga mai faratan ƙarfe a bango sai rububi.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro labarin a 1963, kamfanin Marvel na Amurka ya buga. A labarin, ana haihuwar wasu yara da wata baiwa a jininsu, ba ta bayyana sai sun fara balaga. Wani wuta ce ke fita daga idonsa, wani fukafukai ke tsiro masa, wata tana ɗaga abu ba tare da ta taɓa shi ba. Jama'a na tsoronsu, tsoron kuma ya rikiɗe ya zama ƙiyayya. Farfesa Xavier, wanda ke kan keken guragu yana kuma karanta zukata, ya buɗe musu makaranta a jihar New York, yana koya musu riƙe baiwarsu da kare mutanen da ke ƙyamarsu, da fatan wata rana za a karɓe su. Abokin hamayyarsa Magneto, mai juya ƙarfe yadda ya so, ya tara tasa rundunar bisa ra'ayin cewa wanda ya ƙi ka ba ya daina ƙinka don ka yi masa alheri.

A ajina na wata shekara akwai yaro zabiya. Can baya yake zama, kusa da bango, inda ba wanda zai kalli ƙeyarsa. Sai da na ba shi mujallar na ga yana kai ta dab da hancinsa, idanunsa na rawa, sannan na fahimci allo bai taɓa fito masa sosai ba. Haka zabiyanci yake: jiki ba ya samar da isasshen sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi, shi ya sa gani ke rauni kuma rana ke ƙona fata, har takan kai ga ciwon daji. Gado ne da ke zuwa ta wajen uwa da uba duka biyu, ko da su baƙaƙe ne wuluk. Na faɗi wannan ne saboda har yau a garinmu akwai masu ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, da masu danganta abin da aljanu.

Na raba ajin gida biyu don muhawara, masu bin Farfesa da masu bin Magneto. Kusan kowa ya ruga wajen Farfesa, don shi ne na kirki a fim. Yaron nan, wanda ban taɓa jin muryarsa ta wuce benci biyu ba, ya ɗaga hannu ya ce shi yana tare da Magneto. Na ce ya faɗi hujjarsa.

Ya ce, "Malam, shi Farfesa in ya shiga kasuwa ba wanda zai san abin da ke kansa. Wancan shuɗin fa, ina zai ɓoye?"

Nightcrawler yake nufi, mai shuɗiyar fata da wutsiya, wanda a fitowarsa ta farko a 1975 aka nuna mutanen wani ƙauye a Jamus sun biyo shi za su kashe. Ajin ya yi tsit, domin a cikinsu akwai waɗanda ke binsa da "Bature, Bature" tun daga bakin makaranta har bakin gada.

Ban goyi bayan Magneto ba a ranar, kuma ba na goyon bayansa yanzu. Hanyarsa ramuwa ce a kan mai laifi da marar laifi, kuma mu da muka ga abin da ramuwar gayya ta yi wa garuruwan Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Amma ban iya ce wa yaron ya yi kuskure ba. Marubucin da ya riƙe labarin daga 1975 zuwa 1991, Chris Claremont, shi ma bai bar Magneto a matsayin mugu kawai ba: ya mai da shi Bayahuden da ya tsira daga sansanin kisa na Auschwitz bayan an hallaka danginsa. Mutum ne da ya ga inda lakabi da nuna yatsa ke kai al'umma. Yaro ɗan shekara goma sha uku a Wudil ya hango wannan ba tare da an gaya masa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cinikin da Farfesa ya ƙulla wa ɗalibansa. Sai sun ceci duniya, sun sake cetonta, kafin a yarda su zauna a cikinta. Ɗalibina ba ya tashi sama, ba ya saukar da ruwa kamar Storm, 'yar nan da uwarta 'yar Kenya ce, ta girma marainiya a titunan Alƙahira. Ba shi da abin da zai biya da shi, kuma bai kamata a nemi ya biya ba. Mu ma muna yin irin wannan ciniki. Makaho mai haddar Alƙur'ani ko gurgun da ya ciyo gasa muna ɗaga shi, mu buga misali da shi. Wanda ba gwani ba ne a komai, talakan yaro kamar kowa, sai mu bar shi da ƙoƙon bara. Gaskiya ne ƙasar Hausa ta daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kuma ina ganin darajar hakan, don an ba su bakin magana a fada. Sai dai tsari ne da ya ba su wuri a gefe. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi maganar shigar da su cikin makaranta da aiki tare da kowa, amma takarda ba ta matsar da benci.

Benci na matsar da kaina. Na dawo da yaron layin gaba, nesa da hasken taga, na riƙa rubutu da manyan baƙaƙe, na sa maƙwabcinsa ya riƙa ba shi littafinsa ya kwafa. Masu tsokanarsa kuwa na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ban daki kowa ba. Wasu sun daina, wasu sun koma yi a inda ba na gani.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar Juma'a. Da an tashi daga makaranta sai ya wuce kara ya taya mahaifinsa, dillalin shanu, tsare dabbobi cikin tsakar rana, ranar Litinin ya dawo wuyansa ya yi jawur yana saɓa. Na je na sami uban bayan la'asar.

Ya ce, "Malam, so kake in ware shi kamar mara lafiya? Ɗana ne, sana'ata zai gada."

Na ce, "Alhaji, sana'ar ai ba riƙon igiya kaɗai ba ce. Wa ke rubuta maka lissafi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce a ka yake riƙewa, kuma ana yawan musu da shi a kan la'ada. Daga makon nan yaron ya koma rumfa da littafi da biro, da malafa da riga mai dogon hannu. Bayan girbi uban ya kai shi asibitin ido a Kano aka yanka masa tabarau. Man kariya daga rana shi ne har yau ke gagarar su, don ƙaramar kwalba ta fi kuɗin cefanen kwana biyu, kuma ba kowane kemis a Wudil ke ajiye shi ba. Idan zan shiga birni sukan ba ni saƙo in sayo musu.