Tsakanin Dannet da Arlit, inda katako ke jin ƙishirwa

Matafiyin da ya bar Agadas ya miƙi hanyar Arlit, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka, zai lura da itatuwa suna ta raguwa har sai ido ya koma ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan sarari, tsakanin gindin duwatsun Abzin da filin Talak, ƙaramar hukumar Dannet take, ƙasar makiyaya Abzinawa, mai rijiyoyi nesa da juna. A nan ne Imuraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, inda aka daɗe ana jiran haƙar iraniyom: aikin ya tsaya a 2014, kana gwamnati ta karɓe lasisin kamfanin Orano a 2024. Ruwan sama na shekara ba ya kai milimita 100. Abin da ke tsirowa a bakin ƙoramu shi ne kandili da aduwa da magarya, kuma babu ko ɗaya cikinsu da za a tsaga a sami katakon tebur.

Duk da haka tantin Ba'abzine bai rasa kayan itace ba. Akwai akushi, da turmi, da ludayi, da dirkoki masu zane, da sirdin raƙumi, dukansu aikin maƙera ne waɗanda ake kira inadan. Sukan yi wa itacen ado da ƙarfe mai zafi, sa'an nan man shanu da hannun masu gida su ci gaba da ciyar da shi shekara da shekaru. Idan akushi ya tsage ba a yar da shi, ɗinke shi ake yi da ƙarfe ya koma bakin aiki.

Arlit ta zo da wani irin kaya dabam. An kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da iraniyom a 1971. Cominak ta bi baya a Akokan a 1978, ta rufe ranar 31 ga watan Maris na 2021. Tare da gidajen ma'aikata da ofisoshin gwamnati sai ga tebur, ga kujera, ga gadon katako, kuma kowane falle na katakon nan daga ƙasashen kurmi na kudu ya hau mota. Tsadarsa ce ta sa mutane da yawa suka koma ga ƙarfe, wanda shi ma bai zo lami lafiya ba, domin a 2003 masu binciken ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun tarar da tarkacen ƙarafa masu burbushin iraniyom a kasuwar garin. Ashe ke nan tebur na katako a Arlit dukiya ce, kuma ƙyallin da ke bisansa ya cancanci a san asalinsa kafin a zuba kuɗi.

Mafi yawan berni na gwangwani da ke kasuwa haɗin masana'anta ne. Amma akwai wani tsohon man ƙyalli wanda manyan kafintoci ke girmamawa, shi ne shalak, ko gwam-lak a bakin masu jin Faransanci. Ƙaro ne, sai dai ba itace ke zubo shi ba: wani ɗan ƙwaro ne na Indiya da Tailan ke tsotson ruwan reshe yana lulluɓe kansa da shi. A kankare, a wanke, a narkar, a fitar da shi ɓawo-ɓawo kamar na albasa. Jihar Jarkand ce kan gaba wajen samar da shi, kuma tun 1924 aka buɗe cibiyar bincike a kansa kusa da birnin Ranci. Abin mamaki, cikin itatuwan da ake kiwon ƙwaron a kansu har da magarya, irin wadda awakin Dannet ke miƙe wa wuya. Tsofaffin da suka san garmaho sun riƙa shalak da hannunsu, don da shi ake yin faifan har zuwa shekarun 1950.

Aikinsa na mai haƙuri ne. Ana jiƙa kamar giram 200 na ɓawon cikin lita guda ta alkol mai ƙarfi. A goge katako ya yi sumul, a dunƙule auduga cikin ƙyalle mai laushi, a tsoma kaɗan, a riƙa kewayawa bisa tebur ba tare da hannu ya tsaya ba, da ɗigon mai don kada dunƙulen ya kama. Kowane shafi siriri ne ƙwarai, sai an yi gommai kafin zanen katakon ya fito kamar ana hangen sa ta cikin ruwa. A Kwatano ko Legas laima ce abokiyar gaba, takan sa shafin ya yi hazo. Nan arewa wannan matsala ba ta taso ba, amma alkol na tashi da gaggawa har ƙyallen ya bushe a hannu, ga ƙura ba ta neman izini. Shi ya sa sanyin safiya da ɗaki rufaffe suka fi dacewa da aikin. Wanda aka riga aka jiƙa kuwa ba ya jimre ajiya: bayan ƴan watanni cikin zafi sai ya ƙi bushewa, ya bar tebur yana danƙo. Gara a sayi ɓawon, a jiƙa daidai bukata.

Wajen ƙarko fa? A cikin inuwa shalak yakan yi shekaru masu yawa bai dushe ba. Rauninsa zafi ne da ruwa da alkol. Tun zafi bai kai digiri 80 ba yake yin laushi, ga shi a ƙasar Abzin ba a raba baƙo da shayi. Buta ɗaya daga kan gawayi ta isa ta bar tambarinta. Kofin ruwan sanyi kan bar farin zobe, turaren kwalba kuwa cin sa yake yi nan take. Sau da yawa ma laifin ba na shafin ba ne. Katakon da aka tsaga a kurmi yakan iso da ruwa a jikinsa, iskar hamada ta shanye, ya ƙanƙance, gaɓoɓi su saki. Kafinta mai amana yakan bar shi ya huta a inuwa makonni kafin ya sa zarto, ya kuma shafe ciki da waje, har ƙarƙashin teburin da ba mai dubawa.

Inda shalak ya fi berni na gwangwani shi ne gyara. Sabon shafi narkewa yake cikin tsohon su zama ɗaya, don haka tabo ko ƙarce na ɓacewa ba sai an kankare tebur duka ba. Ta nan ya yi kama da akushin Dannet. Mai saye na iya gwadawa: ya ɗiga alkol a wani lungu da ido ba ya kaiwa, in wurin ya yi danƙo, shalak ne.

Sauran magana ta ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan kasuwar da ke ɗora kaya zuwa Tawa. Tebur da aka naɗe da leda aka ɗaure bisa mota cikin ranar watan Mayu zai sauka da sawun igiya da na ledar a fuskarsa. Tsohon bargo a ciki, tabarma a waje, igiya kuma ta bi ta ƙafafu.