Kwamfutar gidan su Auta

Auta ta girma a Ayigya Zango, cikin birnin Kumasi na ƙasar Gana. Unguwarsu tana daura da Jami'ar Kwame Nkrumah, hanyar Akara ce ta raba su. Har yau Auta ba ta manta da shekarar 2007 ba.

A shekarar nan Baba ya sayo tsohuwar kwamfuta daga hannun wani ɗalibin jami'ar. Aka aza ta bisa tebur, aka rufe ta da zane saboda ƙura. Yaran maƙwabta suka cika ƙofa suna leƙe.

Wata rana da dare Kaka ta ce: «Auta, rubuta mini sunayen kakanninmu da suka zo daga Katsina fataucin goro.» Kaka tana faɗi, Auta tana neman baƙaƙe ɗaya-ɗaya. Sai wuta ta ɗauke! A lokacin ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, ana ba unguwanni wuta bi da bi. Auta ba ta adana aikinta ba. Komai ya ɓace. Ta fashe da kuka.

Kaka ta ce: «Share hawaye, kishiyata. Sunayen suna nan cikin kaina.» Washegari suka sake. Wannan karo Auta ta adana, Yaya ya je ya bugo a takarda.

Kaka ta rasu, kwamfutar ta lalace, amma takardar tana nan. Yau Auta tana karanta wa ƴaƴanta ita.

Tambayoyi
1. Me ya sa aikin Auta ya ɓace?
2. Sunayen kakanninka nawa ka sani?