Katakon Guga da Zannuwan Umma

Ranar da aka raba kayan Umma a Tudun Wadan Zariya, zannuwa huɗu ne suka faɗo a rabona: atamfa uku da wata shadda ruwan toka da ta sha wanki har ta yi laushi. Na zuba su a ƙasan akwati na taho da su Dubai, inda nake karatun digiri na biyu, suka shekara ban ko kwance ƙullin ledar ba. Sai a watan Agusta autarmu ta kira ni, bayan kwana-kwana irin na mai jin nauyi, ta ce a Disamba ake sa ran za ta sauka. Haihuwar fari ce. A al'ada gida za ta koma wankan jego, hannun mahaifiyarta. Ta yi shiru, ni ma na yi shiru, kowa ya san abin da ke ran ɗan'uwansa. A daren na ƙudura zan yanka zannuwan nan in harhaɗa wa jaririn bargo, ko ba komai ya kwanta a jikin kayan kakarsa.

Ɗinki ba baƙona ba ne. Da keken Butterfly Umma ta biya mana kuɗin makaranta, kuma ban taɓa ganin ta yi layin ɗinki biyu a jere ba tare da ta tashi ta danne na farkon da dutsen guga ba. A ƙasa take yi, kan siminti: tsohon bargo ninki biyu, ta rufe shi da zanen gado, dutsen gawayi a gefe. Tun ina 'yar mitsitsiya aikina fifita gawayin. Ban taɓa tambayarta me ya sa ba ta yi a kan gado ba.

A nan na samu amsar. Na tsara bargon da gutsattsari 63, bakwai a kwance tara a tsaye, kowanne santimita 12 bayan an ɗinke. Irin wannan aiki ba ya yafe kuskure: in kowane haɗi ya kauce da milimita biyu, kafin ki kai ƙarshen layi kusurwoyi sun daina haɗuwa. Teburin gugar da na saya mai naɗewa ne, ragar ƙarfe da ɗan siririn soso, yana rawa, kuma zanen ragar yana fitowa a jikin atamfa. Sai na koma kan katifa na shimfiɗa tawul. Katifa tana lotsawa, haɗin ya ƙi kwanciya, na ƙara wuta na ƙara dannawa. Ashe tawul ɗin da roba a saƙarsa. Warin ƙauri ne ya ankarar da ni. Gutsure ɗaya na koriyar atamfar Umma ya yi tabo ruwan ƙasa. Na zauna a ƙasa riƙe da shi ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar, domin wannan ba yadin da zan aika a sayo mini a Kantin Kwari ba ne.

Da na natsu sai masu bugu suka faɗo mini a rai. Duk wanda ya bi ta wajen marinar Ƙofar Mata a Kano ya san ƙarar nan: shadda a kan gungumen icce, ana dukanta da tabarya har ta yi sheƙi. Yadi ba ya kwanciya sai abin da ke ƙarƙashinsa ya ƙi motsi. Simintin Umma ke nan. Ni kuwa ɗakin haya nake, mu biyu, kafet ne daga bango zuwa bango, in na ƙona shi kuɗin ajiyata sun tafi.

Ranar Asabar na shiga Al Quoz, unguwar masana'antu da kafintoci. Na sa aka yanko mini katakon filawud mai kaurin milimita 18, tsawo santimita 90, faɗi 60, aka goge gefensa da kusurwoyin don kada su yaga yadi. Kaurin yana da dalili: siririn katako yana banƙarewa in ya sha tururi. Daga can na nufi kasuwar yadi ta Bur Dubai, wadda 'yan kasuwarmu masu sauka Deira ke tsallakawa zuwa gare ta a jirgin ruwan abra kan dirhami ɗaya. Na nemi auduga zalla. Mai shagon ya warware mini farin alawayyo a gabana, sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, don rabon da in ga irinsa tun ranar da aka yi wa Umma sutura. Na ce ya mayar, ya ba ni akoko mai kauri.

Ga yadda na haɗa, ko wata za ta buƙata. Na fara wanke akokon da ruwan zafi ya gama tsukewa, in ba haka ba gugar farko zai ja jikinsa. A kan katakon na shimfiɗa falle biyu na bargon auduga, ba ƙari, domin laushi ya yi yawa an koma gidan jiya. Kada a sa soso ko abin da ke da roba: zafin gugar auduga, wato ɗigo uku a jikin dutsen, yana kai wa digiri 200. Na yanka akokon da rarar santimita goma ta kowane gefe, na kifa katakon a kai, na fara kafe ƙananan ƙusoshi daga tsakiyar gefe ɗaya, in ja da ƙarfi in kafe na gefen da ke fuskantarsa, a haka har na iso kusurwoyi. Su ne ƙarshe, ana ninke su kamar ɗaurin goro. Da na juya shi na buga da tafin hannu, sai ya amsa kamar fatar kalangu.

Yanzu a kan teburin karatuna nake ɗora shi, in na gama in jingine shi a bayan ƙofa. Na kuma koyi abin da idona ya gani shekara da shekaru ban lura ba: Umma ba ta jan dutse a kan haɗi. Ɗorawa take yi, ta danna, ta ɗaga. Ja yana miƙar da yadi, musamman inda aka yanka shi a karkace.

Wata 'yar ajinmu 'yar Amurka ta ga aikin ta ce ashe na iya sana'ar kakanninta. Na nuna mata hoton 'yan lifida a hawan Sallar Zazzau, doki da mahayi cikin rigar da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Na ce mu ma mun daɗe da sanin yadda ake kama auduga tsakanin yadi biyu.

Jiya na haɗa layi na bakwai, saura biyu. Gutsuren da ya ƙone ban yar ba, na sa shi a kusurwar ƙasa, tabon yana kallon ciki. Na tura wa auta hoto ban ce komai ba. Can cikin dare sai ga saƙon murya: “Yaya, wannan koriyar ba ita Umma ta ɗaura ranar kamuna ba?” Ita ce. Na ce ta yi barci, tikitina na ranar 12 ga Disamba ne, in Allah ya yarda da bargon zan iso kafin suna.