Rufin asiri iri biyu

A Maraɗi akwai wani dattijo, malamin lakkol mai ritaya, wanda bai mallaki wani abu mai daraja ba bayan gidansa sai tsohuwar mota Peugeot 504, wadda jama'a suke kira Fijo. Ya saye ta ta-hannu jim kaɗan kafin a karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, har yakan ce da ya ƙara jinkiri da har abada bai hau motar kansa ba. Irin wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1968, amma tasa haɗin Kaduna ce, inda aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a 1975. Shekaru sun ci fentinta, kujerunta sun lotsa, amma injinta bai taɓa ba shi kunya ba.

Da aka sa ranar kai autarsa ɗakin miji a Damagaram, ya ƙudura cewa a motar nan amarya za ta tafi, tare da gwaggwanninta. Tafiya ce ta sama da kilomita 200, ta Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita. Saura kwana 10 ya kai motar gareji don a duba ta, wurin wani makanike da ya taɓa zama ɗalibinsa.

Makaniken ya ɗaga gaban motar, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya fito sai ya ce: «Mushe, ku sunkuya ku gani da idonku.» Ya nuna masa wasu gaɓoɓi huɗu na ƙarfe, biyu a ƙasa inda ƙafafun gaba suke haɗuwa da hannuwan da ke riƙe da su, biyu a bakin sandunan da ke juya tayoyi idan an murɗa sitiyari. Su ne makanikai suke kira rotil. Kowace ɗaya dunƙulen ƙarfe ne mai santsi da ke juyawa cikin ƙoƙonsa, kamar yadda kan ƙashin cinya yake juyawa a ƙugu. An cika ƙoƙon da giris, an kuma rufe bakinsa da ƴar hular roba wadda ba ta kai ƙwan kaza girma ba.

Aikin hular guda biyu ne: ta tsare giris a ciki, ta tsare ƙura da ruwa a waje. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara yake gasa roba har ta tsattsage, hunturu kuma ya biyo da ƙura, hular ba ta daɗewa. Da zarar ta yage, rairayi ya shiga ya gauraya da giris, sai abin da aka zuba don santsi ya koma dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfen a kowane rami da kowace kwana. Direba ba ya jin kome da farko. Daga baya sai ƙwanƙwasa a kan hanya mai gargada, sai taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, sai sitiyari ya yi sako-sako. Ƙarshen abin shi ne dunƙulen ya fice daga ƙoƙonsa ana cikin gudu, ƙafar mota ta karye ko ta daina bin umarnin sitiyari.

Huluna biyu ne suka yage. Ta ƙasa a hagu sabuwar yagewa ce. Makaniken ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya sa doguwar sandar ƙarfe ya ɗaga, gaɓar ba ta motsa ba. Sai ya cire taya, ya sassauta noti bai fidda shi duka ba, ya buga guduma a gefen ƙarfen da ya riƙe wuyan gaɓar, ba a kan zaren ba, har ta saki. Ya ɓare tsohuwar hula, ya share tsohon giris da tsumma mai tsabta, ya murza wuyan da hannu. Yana juyawa da ƙarfi, ba ya lilo, alamar lafiya ke nan. Ya sa sabon giris daidai gwargwado, domin in ya yi yawa shi ma yana fasa roba, ya zura sabuwar hula, ya zaunar da zoben da ke matse ta, ya ɗaure da sabon noti. Aikin bai ci sa'a guda ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Ta dama, a bakin sandar sitiyari, labarinta daban. Da ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza, dattijon da kansa ya ji ƙas-ƙas. Cikin hular babu giris, sai tsatsa da jar ƙasa. Sabuwar gaɓa kuwa ta ninka kuɗin hula sau da yawa, ga kuma kuɗin daidaita tayoyi bayan an sauya ta, alhali kayan ɗaki sun riga sun cinye abin da ke aljihu.

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «Ɗana, sa mata hula ita ma. Mu je mu dawo, in fansho ya fito sai a sauya. Ka rufa mini asiri.»

Makaniken ya sunkuyar da kai, ya ce: «Mushe, ku gafarce ni. In na sa mata sabuwar hula, kowa ya leƙa zai ce lafiya lau take, har ku ma ku manta. Ƙarfen da ya cinye ba ya komowa. Ban iya ɗora ƙanwata a kan wannan ba.» Ya kira ƙaramin ɗansa da ya taso daga lakkol, ya miƙa masa wani tsohon kwali, ya ce ya karanto masa lambar da ke jiki don a aika kasuwa.

Ganin haka ya sa jikin dattijon ya yi sanyi, domin ya san dalilin da ya sa magidanci mai basira irin wannan yake neman yaro ya karanta masa rubutu. Shekaru da yawa da suka wuce, a aji na CE2, shi ne ya lura yaron bai iya haɗa baƙaƙe ba. Gyaran a lokacin ƙarami ne: maimaita aji, da ƴan watanni na zama da shi bayan an tashi. Amma mahaifin ya zo har gida da dare, ya roƙe shi da kalmomin da shi ma ya furta yanzu. Ya ƙara wa yaron maki, ya wuce. Malamin gaba ya ga takarda mai kyau, bai bincika ba. A CM2 abin ya fito fili, yaron ya faɗi jarrabawa sau biyu, shekarunsa suka haura, ya bar lakkol ya kama wankin kayan injin a gareji. Bai taɓa tayar da zancen ba, wataƙila ma bai san an yi ba.

Hausawa suna girmama rufin asiri, kuma da gaskiyarsu, don shi ne yake tsare mutuncin mai rauni. Sai dai hula ɗaya ce aka sa wa gaɓar hagu, irinta kuma aka hana ta dama. A kan ƙarfe mai lafiya kariya ce, a kan wanda ya cinye kuwa ɓoye haɗari ne daga idon wanda zai iya gyarawa. Ba a gane bambancin da kallo, sai an kama taya an girgiza, kuma wannan girgizar ce malamin ya hana a yi wa ɗalibinsa.

Bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya ce kawai a sayo gaɓar. Makaniken ya ƙi karɓar ladan hannunsa, ya ce gudummawarsa ce ta biki, kuɗin ƙarfe kuma a biya in hali ya samu. Ya ƙidaya zaren tsohuwar gaɓa kafin ya kwance ta, ya ɗaura sabuwa daidai wurin, aka kai motar aka daidaita tayoyi.

An kai amarya Damagaram lafiya. Mako guda bayan dawowa, dattijon ya koma garejin da kuɗin, da kuma wani tsohon littafin koyon karatu a naɗe cikin jarida. Ya ce yana da lokaci kowace rana bayan sallar la'asar, in makaniken yana so. Makaniken ya goge hannunsa da tsumma sau biyu kafin ya karɓa.