Bazararmu a Birnin Landan

Mutanen Ingila ba su da rani da damina irin namu. Ruwa yana sauko musu a kowane wata, abin da suke ƙishirwarsa kuwa shi ne rana. Saboda haka in watan Yuni ya kama, sai birnin Landan ya sāke kama ɗungum. Gari yakan waye tun kafin ƙarfe 5 na asuba, rana kuma ba ta fāɗuwa sai 9 ta gota. Mutanen da suka yi wata shida ƙunshe cikin manyan riguna, ba mai ce wa wani sannu, su ne za ka tarar kwance a kan ciyawa suna shan hantsi sai ka ce ƙadangaru. Wannan ita ce bazararsu. Ba ta kai tamu zafi ba, ko da yake a watan Yuli na 1922 da ɗari, wato 2022, ma'aunin zafi ya haura 40 a karo na farko a tarihin ƙasar. Gidajensu kuwa an gina su don su riƙe ɗumi ne, ba don su sha iska ba.

Karatu ne ya kawo mu nan, mu uku, da 'yarmu mai shekara huɗu. Ubangiji kuma ya sāke dubanmu, uwar yarinyar tana da juna biyu, ungozoma ta ce mu sa ido wajen ƙarshen Oktoba. A watan Satumba kuma yarinyar za ta shiga makaranta, gama a nan da shekara huɗu ake farawa. Da muka lissafta, sai muka ga cikin wata biyu kacal za a raba ta da gida da rana, a kuma raba ta da bayan uwarta. Wannan ita ce bazararta ta ƙarshe tana auta. Muka yi shawara kowace Asabar mu fita da ita, in jikin uwar ya yarda.

Fita a Landan ba ta da tsada in ka san hanya. Yaron da bai kai shekara 11 ba ba ya biyan kuɗin bas, haka kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa in yana tare da babba. Jirgin nan tun 1863 aka fara shi, shi ne na fari a duniya, tsufansa kuwa bai ɓuya ba. Yawancin tashoshinsa sai ka taka matakala, ramukan da suka fi zurfi kuma da bazara kamar tanderu suke. Ana ba mata masu ciki wani ɗan bajo su maƙala a ƙirji domin a tashi a ba su wuri. Yana aiki, amma ta wata hanya mai ban dariya. Mutum zai miƙe ya matsa gefe, bai dube ki ba, bai ce miki uffan ba. A gida da an yi miki sannu goma, an tambaye ki wata nawa, wata tsohuwa ma ta faɗa miki namiji ne ko mace. Da ciki ya kai wata shida muka bar jirgin, muka koma bas mai bene. Yarinyar ta fi kowa murna, gama kullum so take ta hau sama ta zauna gaba, ta riƙe ƙarfe tana tuƙi.

Lambun da muka fi zuwa shi ne na Sen Jemis, kusa da fādar sarki. Akwai tafki a tsakiya, da agwagi iri iri, da kurege masu ƙarfin hali waɗanda suke zuwa har gaban mutum suna roƙo. Akwai kuma kwasakwasa. Wani jakadan Rasha ne ya fara kawo wa sarkin Ingila su kyauta a 1664, tun daga ran nan ake kiwonsu a wurin. Yarinyar ta ga yadda ɗaya ya zuba kifi cikin jakar bakinsa, sai ta juyo ta ce, “Mama, shi ma a nan yake ajiye jaririnsa?” Tun da aka faɗa mata zancen ƙane ko ƙanwa, duk abin da ta gani mai kumburi, jariri ne a ciki.

Ran da aka yi ruwa muka tafi gidan adana halittu da ke Kensintin. Shiga kyauta ce, kamar sauran manyan gidajen tarihi na gwamnati tun 2001, sai dai layi lokacin hutun makaranta. Da shigarka babban zaure, in ka ɗaga kai, ga ƙasusuwan wata dabbar teku rataye a sama, tsawonta mita 25. Ita ce irin wadda ta fi kowace dabba girma a duniya. A 1891 ta maƙale a gāɓar ƙasar Ailan ta mutu, a 2017 aka rataye ta a zauren nan. Yarinyar ta yi shiru, ta kama zanen uwarta, can ta ce, “Baba, wannan ne ya haɗiye Yunana?” Muka ce ba shi ba ne. Masana ma sun ce irin wannan maƙogwaronta ƙanƙane ne, ƙananan halittu masu kama da jatan lande take ci. Abin da ya shiga ran uwar kuwa daban ne. Ta ji cewa dabbar takan ɗauki ciki kusan shekara guda, ɗanta kuma ran haihuwa ya kai mita 7. Ta nemi benci ta zauna, ta ce ita dai ta gode wa Allah da nata rabon.

Wata Asabar kuma muka shiga jirgin ruwa a kan Kogin Tems zuwa Girinic. Duk mai sauraron rediyo ya saba jin ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT. To, daga sunan unguwar nan aka samo shi. A kan tudu akwai tsohon gidan duban taurari, da wani layi a ƙasa wanda ƙasashe suka yarda a 1884 shi ne mafarin awon gabas da yamma. In ka bi shi kudu, zai ratsa Faransa da Aljeriya da Mali, ya fāɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Hawan tudun ya ba uwar wuya, sau uku muna tsayawa. Amma a can muka gane wani abu da ya yi mana daɗi. Da bazara mutanen Ingila sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai ya zama daidai da na Nijeriya da Nijar. Ashe shi ya sa in mun kira kaka da ƙarfe 7 na yamma, ita ma 7 ne a wurinta. Sai dai ita ta kunna fitila, mu kuwa rana tana tsaye. Kullum in ta ɗauki waya sai ta ce, “Ina kishiyata? An ce ba ki barci da wuri.” Yarinyar ta amsa, “Kaka, ai rana ba ta kwanta ba.”

Inda muka fi daɗewa, wanda kuma baƙi ba su cika zuwa ba, wata tsohuwar maƙabarta ce da ake kira Banhil, a tsakiyar dogayen gidajen ofis. Kada ku yi mamaki an kai yarinya da mai ciki maƙabarta. Tun 1854 aka daina binne mutane a ciki, yanzu lambu ce mai manyan itatuwa, ma'aikata suna zuwa cin abincin rana. A nan aka binne masu bi da yawa waɗanda ba su bi tsarin ikkilisiyar gwamnati ba. Kabarin Yohanna Banyan yana nan, wanda ya yi shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi, ya rasu a 1688. Ƙetaren titi ga majami'ar da Yohanna Wesli ya buɗe a 1778. Amma mu kabarin mahaifiyarsa muka zo nema, wato Susana Wesli, wadda ta rasu a 1742.

Matar nan 'ya'ya 19 ta haifa, tara suka mutu tun suna jarirai. Mijinta fasto ne a wani ƙauye, bashi ya taɓa kai shi kurkuku, gidansu kuma ya ƙone har sau biyu. A cikin wannan hali ita ta koya wa 'ya'yanta karatu, maza da mata. Abin da ya kawo mu kuwa shi ne wata al'ada tata. Ta keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako, su zauna su biyu kaɗai, ta ji abin da ke ransa, ta yi masa zancen Allah. Daren Alhamis shi ne na Yohanna, har ya girma bai manta da shi ba. A gidajenmu, in sabon jariri ya zo, akan ce wa na gaba, “Kin girma yanzu, matsa.” Ba mugunta ba ce, gama akwai kaka da gwaggo da inna waɗanda za su ɗauke shi, wani lokaci ma a kai shi yaye can wurinsu. A ɗaki biyu a bene na uku ba inda yarinya za ta matsa. Muna zaune a bencin nan, ita tana bin tantabaru, muka yanke cewa safiyar Asabar tata ce, ko jariri ya zo. Wanda ya samu hannu a cikinmu shi zai fita da ita, ko da zuwa ƙarshen layin bas ne a dawo.

Wannan ya kawo mu ga abin da yake hana mu barci fiye da hasken rana. Awon ciki a nan ba abin da za a ce. An yi hoton ciki a mako na 12 da na 20, ungozoma tana auna jini da fitsari kowane zuwa. Amma in haihuwa ta zo lafiya, kwana ɗaya ko ƙasa da haka ake sallamar mace. Ungozoma za ta biyo ta gida ta duba ta, uba yana da hutun mako biyu, daga nan kuma shi ke nan. Takardun tafiyar kaka ba su fito ba, ba mu kuma sa rai za su fito kafin Oktoba. Wa zai riƙe yarinyar daren da naƙuda ta tashi? Wa zai tsaya wa mai jego kwana arba'in?

Kaka ta fi damuwa da ruwan zafi da kunun kanwa. Mun je Fekam, unguwar da 'yan Nijeriya suka yi yawa, inda ake sayar da doya da manja da busasshen kifi a bakin titi, mun kuwa ga kanwa da gero. Gero muka saya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego suna da hannu cikin ciwon zuciya da kumburin da yake kama waɗansu mata bayan haihuwa. Mun faɗa wa kaka haka da ladabi, ta ce ita ta yi sau bakwai ga ta nan da ranta. Ba mu ja da ita ba. A ganinmu, abin da ya rayar da iyayenmu mata cikin kwana arba'in ɗin nan ba tafasasshen ruwa ba ne. Hannuwan da suke dafa shi ne, da mai karɓar jariri don uwa ta runtsa, da mai lura in fuskarta ta sāke. Wannan kuwa ba a sayar da shi a Fekam.

'Yar majami'ar da muke sujada ba ta kai mutum 60 ba. Akwai tsofaffin Turawa, da mutanen Gana, da na Jamaika. Mun yi wata da watanni muna gaisawa a bakin ƙofa kawai, gama a ƙasar nan ba a shiga sha'anin mutum sai ya buɗe baki. Ran wata Lahadi a watan Agusta, bayan sujada, muka buɗe baki a gaban zumuntar mata. Wata dattijuwa 'yar Gana, wadda ta yi aikin jinya shekaru da yawa kafin ta huta, ta dube mu ta ce cikin Hausar zango, “Don me ba ku faɗi tun da wuri ba?” Ashe a Kumasi ta girma, ba mu taɓa sani ba. Nan take ta ɗauki takarda ta ja layi. Kafin a kulle majami'a, mata tara sun rubuta sunansu, kowace da ranar da za ta kawo abinci. Wata tsohuwar Baturiya ta ce ita ba ta iya tuwo ba, amma ta iya wanki da guga.

Dattijuwar ta ce yarinya ba ta kwana a gidan da ba ta sani ba. Saboda haka fitarmu ta Asabar biyu na ƙarshe ba gidan tarihi muka je ba. Bas muka hau zuwa gidanta, tafiyar minti 20. Ran farko yarinyar ta maƙale a jikin uwarta. Ran na biyu ta shiga kicin, aka ba ta muciya, har ta zaɓi gadon da za ta kwanta, ta bar 'yar tsanarta a kai don ta riƙe mata wuri. Yanzu tana kiranta Kaka ta Biyu. Kaka ta fari ta ji labari, ta ce a ba ta matar a waya. Suka yi rabin awa, yawanci a kan yadda ake gasa cibiya.

Ga shi yanzu Satumba ta kusa. Ganyaye sun fara sāke launi, fitilun titi suna kamawa kafin ƙarfe 8, yarinyar kuma ta daina gardamar barci. An sayo rigar makaranta, ta yi mata yawa kaɗan. Jakar asibiti tana bayan ƙofa, kusa da ita ga wata ƙarama mai kayan kwana ɗaya da buroshin haƙori, lambar wayar dattijuwar kuma tana manne a jikin firiji. Muna roƙon masu karatu, musamman zumuntar mata, ku riƙa tunawa da mu cikin addu'a. Ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mai da agogon Ingila baya da awa ɗaya. Kaka ta ce mu lissafta mata da kyau, kada a yi haihuwa a faɗa mata lokacin da ba nata ba.