Daga Funtuwa Zuwa Malumfashi: Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki A Tsakar Gida

Da kaka na tashi daga Funtuwa, na bi hanyar Bakori zuwa Malumfashi. Dama da hagu an karya masara an tara, auduga ta yi fari fat a gonaki. Ƙasar noma ce, ƙarfin mutum shi ne jarinsa, shi ya sa idan ɓarin jikin magidanci ya shanye a nan, rumbun gidan ma sai ya ji a jikinsa.

A wani ƙauye gaba da Bakori aka kai ni gidan wani dattijo da ciwon ya kayar da damina. An sallamo shi daga asibiti, aka ce ya riƙa komawa gashin ƙashi. To amma ga kuɗin mota, ga na mai rakiya, ga aikin gona na jira. Ba a je ko'ina ba aka haƙura. Allah Ya taimake shi da wata malamar ɗakin shan magani, wadda ta zauna ta koya wa 'yarsa aikin. A riƙa juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar za ta goce. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi kunu, gudun ƙwarewa.

Na tarar an kafa gora biyu a tsakar gida, yana dafawa yana takawa, 'yar na biye tana cewa, "Baba, daure a ƙara taku ɗaya." Da ya zauna sai ta turo masa ƙwaryar gyaɗa ya riƙa ɓara da raunannen hannun. Raina ya yi fari da na ga yatsun suna motsi.

Wannan shi ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauko bayan taron Alma-Ata na 1978: a kai wa majinyaci horon motsa jiki inda yake zaune, da kayan da ke hannunsa. A Abuja ma aka ƙaddamar da kundin jagorar tsarin a 2010.

A Malumfashi hirar da na yi da mutane ta fi tayar mini da hankali. Har yanzu da yawa na cewa iska ce ko jifa, a yi ta yawon neman magani wata da watanni. Addu'a ba a raina ta, amma watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar horo, kuma su ake asara. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne babban tushen wannan ciwo. Dattijon nan da na gani, wajibi ne ya riƙe maganinsa ko da ya miƙe, in ba haka ba ciwon na iya dawowa.

Kirana ga hukumomin lafiya na Jihar Katsina shi ne a riƙa tura likitocin gashi ɗakunan shan magani ranar kasuwa, su duba majinyata, su horar da ma'aikata da masu jinya. A kuma tanadi abin awon hawan jini mai aiki a kowane ƙauye.